Yaron Da Ya Guji Kakarsa

Akwai wani yaro ɗan aji huɗu a garin Funtua. Wata rana da safe, cikin hutun damina, wayar Ummansa ta yi ƙara. Yana kallo fuskarta ta canza.

"Kawunka Shitu ne," in ji Umma. "Jikin Inno ya tashi. Sa takalminka, garin Ƙarfi za mu."

Inno kakarsa ce, mahaifiyar Umma. A hannunta aka yaye shi. Ya zauna wurinta har ya isa shiga makaranta.

Suka hau motar Malumfashi da za ta sauke su a Ƙarfi. Gonakin masara da dawa suna wucewa ta taga, shi kuwa hankalinsa yana can gidan Inno. Ya tuna yadda take gasa masa masara a bakin murhu, tana hura masa don kada ta ƙona shi. Ya tuna ranar da wani jan zakara ya bi shi da gudu a tsakar gida. Inno ta fito da muciya a hannu tana cewa, "Wa ke son taɓa mini miji?" Haka take kiransa, irin wasan kaka da jika. Yaron ya yi murmushi shi kaɗai.

Amma da suka isa, gidan tsit yake. Murhu babu wuta. Turmi yana kife a jikin bango. Kawu Shitu ya tarye su a zaure, ya yi musu sannu da hanya a hankali.

Suka shiga ɗaki. Inno tana kwance a kan gado, ta rame ƙwarai. Bakinta ya karkace gefe guda, hannunta na dama ba ya motsi. Da ta ga jikanta ta so yin magana, sai wani irin sauti ya fito wanda bai taɓa ji ba.

Gaban yaron ya faɗi. Nan take ya tuna maganar Mati, abokinsa na makaranta. Mati ya taɓa ce masa, "Duk wanda ka ga bakinsa ya karkace, aljani ne ya mare shi. In ya taɓa ka, kai ma naka sai ya karkace."

"Matsa ka gaida Inno mana," in ji Umma.

"Sannu, Inno," ya faɗa daga bakin ƙofa. Bai ƙara ko taku ɗaya ba.

Bayan azahar Kawu Shitu ya hau babur don ya ɗauko ma'aikaciyar asibiti. Umma kuma ta ɗauki ƙwaryar gero.

"Zan kai niƙa in dama wa Inno kunu," ta ce. "Zauna kusa da ita. Kada ka je ko'ina, ka ji?"

"To, Umma."

Ya zauna a ƙarshen tabarma. Ɗakin da duhu-duhu. Ba ya jin komai sai numfashin Inno.

Can sai ta juyo da kai. "Uwa... uwa..." ta ce.

Bai gane ba. Ta miƙo hannun hagu har ya taɓa bakin rigarsa.

Yaron ya ƙwalla ihu. Ya fita a guje ta ƙofar baya, ya faɗa gonar dawa. Yana gudu yana shafa bakinsa, ko ya fara karkacewa.

Ya yi ta gudu har ya gaji. Da ya tsaya, bai ga gida ba, bai ga hanya ba. Dawa ta fi shi tsawo nesa. Gabas dawa, yamma dawa. Ganyenta ya yayyanka masa hannu.

Sai gari ya yi duhu. Hadari ya haɗu, iska ta taso, karan dawa suna ta ruku'u suna shuu kamar mutane na raɗa. Aka yi wata tsawa mai ƙarfi. Yaron ya durƙusa ya toshe kunnuwa.

"Umma! Umma!" Ya yi ta kira, ba wanda ya amsa.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya jiƙe sharkaf, haƙoransa suna haɗuwa don sanyi. Wani abu ya motsa a cikin ciyawa kusa da ƙafarsa. Ko maciji ne? Ya kasa ko ɗaga kai ya duba, sai kuka.

Ya daɗe a haka kafin ya ji ana kiransa daga nesa.

"Kawu! Ga ni nan! Kawu!"

Kawu Shitu ya ratso dawa, shi ma duk ya jiƙe. "Kai, ɗan nan! Ka tayar mana da hankali." Ya saɓa shi a kafaɗa sai gida.

A ɗaki, yaron ya ga farin bandeji a goshin Inno. Ma'aikaciyar asibitin, wata mata mai farar riga, tana zaune kusa da ita. Idanun Umma sun yi ja.

"Ruwa take roƙonka," in ji Umma. "Da ka gudu, ta yunƙura ta ɗauki kofi da kanta, ta faɗo daga gado. A ƙasa na same ta, goshinta yana jini. Duk da haka ƙofa take ta nuna mini, wai a nemo ka tukuna."

Yaron ya sunkuyar da kai, hawaye suna zuba.

"Me ya sa ka gudu?" Umma ta tambaye shi.

"Tsoro na ji. Mati ya ce aljani ne, wai in ta taɓa ni bakina zai karkace."

Matar mai farar riga, Malama Barakatu, ta girgiza kai. "Zo nan, ɗana. Hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki. Ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma ba a ɗaukarsa. Ka ga hannuna cikin nata? Dubi bakina, ya karkace?"

"A'a, Malama."

"To, da magani da kulawa za ta samu sauƙi, in Allah ya yarda."

Yaron ya matsa a hankali har bakin gado. Wannan karon bai ja da baya ba.

"Inno, ki yafe mini."

Inno ta ɗora hannunta a kansa. Hannun da ɗumi, kamar yadda ya san shi. Ya ɗauki kofi, Umma ta tallafo kan Inno, ya ba ta ruwa kaɗan-kaɗan har ta ƙoshi.

Tun daga ranar, shi ke ba Inno kunu da cokali. Shi ke matsa mata yatsun hannu kamar yadda Malama Barakatu ta koya masa. Kafin hutu ya ƙare, Inno ta fara zama a tsakar gida tana shan hantsi. Maganarta ma ta fara fita.

Ranar da za su koma Funtua, ta riƙe hannunsa ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Kowa ya ji sarai, har Kawu Shitu ya yi kabbara don murna.

A mota Umma ta ce, "Me ka koya?"

Yaron ya ce, "Ba a gudun marar lafiya, kusa da shi ake matsawa. Kuma in na ji abin da ya ba ni tsoro, zan tambayi manya kafin in yarda."

"Haka ne, ɗana," in ji Umma. "Wanda ya rene ka kana ƙarami, kai ma ka kula da shi ranar da ƙarfinsa ya ƙare."