Takwaran Baba Malam

Ana gobe suna, Aina'u tana gidansu a Hotoro wankan jego, mijinta Musbahu ya shigo, ko kayan aikinsa na kamfanin fata a Challawa bai cire ba. Ya durƙusa gaban surukarsa, Inna Ladi.

"Inna, na yi wa yaron huɗuba da sunan Baba, Ihsan."

"Ihsan?" Badi'a, ƙanwar Aina'u, ta tuntsire da dariya. "Haba Yaya! Sunan da 'yan mata ke yayi? A ajinmu kaɗai sun ishe ka!"

Inna Ladi ta ɗaure fuska. "Ba za a mai da min jika abin tsokana a makaranta ba. Ko a canza, ko Aina'u ta gama wanka ta yi zamanta a nan!"

A ɗaki Aina'u ta rungume jaririn, hawaye na zuba. Tana son mijinta, kuma ta ga abin da ba kowa ya lura da shi ba. Baba Malam, mahaifin Musbahu, jikokinsa maza sun cika gida, ba wanda aka yi masa takwara da shi. Duk ranar suna sai tsohon ya kasa kunne, ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai.

Da la'asar sai ga shi da kansa tun daga Sharada, yana dogara sanda.

"Hajiya, kada a raba yara saboda ni. Mahaifina a karatun hadisi ya tsinci sunan nan, wai ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa. Da ƙuruciyata ban san mace mai shi ba. Mata sun ga yana da kyau sun ɗauka, ai ba su yi laifi ba. A canza, na yafe."

Aina'u, wadda ko ido ba ta taɓa haɗawa da shi ba, ta yi magana daga bayan labule.

"Inna, don Allah a bar wa Baba... ya daɗe yana jira."

Inna Ladi ta dubi tsohon yana goge ido da hannun riga, jikinta ya yi sanyi.

"Allah ya raya shi, Malam. Ya ɗauko halinka."

Bayan arba'in, ita da kanta ta raka Aina'u ɗakinta. Yayi yakan wuce, amma faranta ran iyaye ba ya tsufa, kuma mai haƙuri ba ya taɓewa.