Tarin Baba

Ranar da ta shigo shagon kayan sauti, idanunta sun yi ja, tana riƙe da takardar da ta rubuto sunayen makirfo masu tsada. Saurayin da ke tsaron shagon ya duba takardar, ya dube ta.

"Waƙa za ki yi, 'yar'uwa?"

"Muryar mahaifina zan ɗauka. Saura mako uku a yi masa aiki a maƙogwaro. Likita ya ce daga nan ba zai sake magana ba."

Nan take bakin ciniki ya mutu masa.

"Bar waɗannan," ya ce a hankali. "Irinsu har numfashin maƙwabta suke kwasowa. Ga wannan ƙaramin, wanda ke gabansa kawai yake ji. Ki haɗa da akwatin da zai sada shi da kwamfuta, da abin sawa a kunne. Ragowar ki riƙe na magani."

Shi ya je gidan ya haɗa kayan, ya rataya barguna a taga da ƙofa don kashe amsa-kuwa. Ta laƙaba masa Injiniya, shi kuma ya ce da ita 'Yar Baba. Kafin mako ya zagayo, so ya shiga bai yi sallama ba.

Baba tsohon malamin makaranta ne, ba a yi masa ɓoyo, nan da nan ya gano su. Akwai ɗan amininsa da ke neman ta, wanda har ya aiko da wani shirgegen makirfo don neman suna. Da aka gwada, ƙarar fanka ya ɗauko da hon ɗin titi, Baba kuwa kamar daga rijiya yake magana. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, amma bai sauka daga ra'ayinsa ba.

"Wancan na san gidansu. Wannan mai rataya bargunan fa, ɗan wa ne?"

Ta miƙa masa ruwa. Wa zai yi gardama da wanda kalmominsa suka kusa ƙarewa?

Kullum da hantsi suke ɗauka: labarin mahaifiyarta marigayiya, nasihohi, har da faɗa. Aka yi aikin. Baba ya dawo gida da rai, babu murya.

Injiniya, garin neman gira, ya kwana huɗu yana gyaran sautin. Ya yanke tari, ya yanke numfashi, duk inda ya hango dogon shiru a allon kwamfuta ya datse bai saurara ba. Ya kawo mata yana murmushi.

Minti ɗaya ta ji ta cire abin kunnen.

"Wannan mai karanta labarai ne, ba Baba ba. Ina tarinsa? Ina gyaran muryar da yake yi kafin ya yi min faɗa? Shi ma ka yanke masa, kamar likita?"

Ta daina ɗaukar wayarsa. A rana ta uku saƙo ya shigo: "'Yar Baba, na yi aikin gwani inda ake son aikin ɗa. Ban goge na asalin ba, ga shi na turo. Ko ba ki yafe min ba, ki saurara."

Ta saurara har ɗauka ta ƙarshe, ranar da ta fita ɗebo masa ruwa ta bar na'urar a kunne. Shiru mai tsawo. Sai tari, sai gyaran murya.

"Na san abin nan yana ji. Auta, na ji yaron nan ya hana ki sayen mai tsada, alhali ribarsa ce. Girman kai ya hana ni faɗa a gabanki. Na ba shi ke. Allah ya yi muku albarka."

Da kyar ta ga haruffa don hawaye. Ta rubuta: "Injiniya, ka datse aurenka da hannunka. Zo ka ji."

Ranar biki Baba ya zauna a gaba, mayafi naɗe a wuyansa. Aka kunna muryarsa, ɗaki ya yi tsit. Da tarin ya fito, ango ya kai hannu ya ƙara sauti. Amarya ta kifa kai a gwiwar mahaifinta tana kuka, shi kuma ya dafa kanta, leɓɓansa suna bin addu'ar kalma bayan kalma. Jama'a suka amsa da amin.