Lakar da Aka Wanke

Ƙarfe takwas na safe, hadari ya haɗu ya ƙi zuba, aka kira Sufeton 'yan sanda zuwa ma'aikatar wanke ƙasa. Buhunan laka sun ɓace.

Abin ya so ba shi dariya, wai satar laka. Injiniyar wurin ba ta yi dariya ba. Ta ce daga tsohon ramin ma'adinai ake kwaso ƙasar, tana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, mai cin jini a hankali. In an wanke, yashi ya fita fes, gubar ta taru a lakar. Ita ake kwaɓawa da siminti a binne.

Direban ma'aikatar ya rantse bai taɓa fita da mota ba izini ba. Ƙarya yake, itace yake ɗauko wa surukarsa, amma na'urar injiniya mai gano tururin ta zagaye motar shiru.

Da suka zo kan tsoho mai gadi, sai na'urar ta kama kuka kamar gyare. Sufeto ya dube shi.

"Baba, kana shiga inda ake shanya laka?"

"Ni da ƙofa ne, yallaɓai."

"Miƙo hannunka."

Ƙarƙashin faratansa duk laka ce, ta bushe.

Suka tafi gidansa. Tun daga tsakar gida na'urar ke kuka, a ƙofar ɗakin ƙarshe kuwa ta ƙi tsayawa. Sabon daɓe ne a ciki, sumul. Wata yarinya 'yar shekara huɗu na kwance a tabarma.

Tsohon ya durƙusa. Ya ce jikarsa ce, damshin ɗakin ke sa ta tari, shi ya sa ya riƙa ɗauko buhu ɗaya-ɗaya a keke ya yi daɓen.

"Kullum ina jin suna cewa an wanke. Yallaɓai, abin da aka wanke kuma zai cuci mutum?"

Sufeto ya dubi injiniya, ta kau da kai. Ta tambaya tun yaushe yarinyar ke kwana nan. Matar tsohon ta ce tun farkon damina, kuma kwanan nan dasashin yarinyar na jini.

Motar asibiti ta tafi da yarinyar da kakarta, ko tsinke ba a bari sun ɗauka ba. Kofur ɗin da ya zo da Sufeto ya riƙe hannun tsohon zuwa tasu motar, bai sa masa ankwa ba.

Har za a kulle gidan, Sufeto ya hango tukunya na tafasa a murhu. Ya koma ya sauke ta, ya yayyafa wa garwashin ruwa, ya jawo ƙofa.