Hotuna Biyu a Shafi Ɗaya

Hoton fasfo kawai ya kawo shi shagon. Ya zauna a kujerar ƙarfe gaban shuɗin labule, jakar laftof a cinyarsa, Baba yana gyara fitila yana ce masa ya ɗaga haɓa.

Auta ba ta ma kalle shi ba. Tana gaban tsohuwar kwamfutar shagon tana fama da albam ɗin bikin wasu mutane. Manhajar da suke aiki da ita ta fi ƙarfin kwamfutar. In ta ja hoto ɗaya sai komai ya sandare, ta zauna tana jira da tagumi.

"Kullum haka take miki?"

Ta waiwayo. Dogo ne, da tabarau, fitila ta haske masa fuska.

"Yau ma tana cikin fara'a ne," in ji ta.

Ya yi dariya daidai lokacin da Baba ya danna kyamara, dole aka sake ɗauka. Baba, wanda duk layin ke kira Mai Hoto, ya dube shi ta saman kyamarar, ya dubi 'yarsa.

Kafin hoton ya fito daga firinta saurayin ya yi bayanin kansa. Rubuta manhaja ne aikinsa. Akwai wasu kayan aiki da yake amfani da su, in ya rubuta abu sau ɗaya zai yi aiki a kowace irin kwamfuta, sabuwa ko tsohuwa. Ya ce zai iya haɗa musu 'yar ƙarama marar nauyi, wadda ba ta san komai ba sai jan hoto da ajiye shi a shafi.

Baba ya ce, "To, mu gani a ƙasa."

Bayan sati ya dawo da ita. Auta ta ɗora kibiyar kwamfuta a tsakiyar wani hoto, ta danna, hoton ya yi tsalle gefe kamar an tsikare shi.

"Injiniya, hotonka tsoro yake ji."

Ya sunkuyo, ya dafe goshi. "Laifina ne. Na gaya wa manhajar inda kibiya take, ban gaya mata ta tuna ta inda kika kama hoton ba. Shi ya sa take fizgo kusurwarsa ta kawo ƙarƙashin hannunki."

Ya gyara. Washegari ta gano wata: a laftof ɗinsa hoto na tafiya sumul, a tasu kuwa yana barin sawu a bayansa kamar an ja jiƙaƙƙen tsumma. Ya gyara. Ta sake gano wata: in hannunta ya zarce ta ajiye hoto a wajen shafi, sai ya ɓace. Ya sa duk hoton da aka jefa waje ya riƙa komowa inda aka ɗauko shi.

"Ke ba mai shirya albam ba ce," ya ce, "Sufeto ce."

Sunan ya bi ta. Abu ɗaya ne suka yi ta ja-in-ja a kai. Ya sa hotuna su riƙa manne wa juna gefe da gefe, layi ɗaya cif. Ita kuwa ta ce ya ba ta hanyar kashe wannan.

"Baba ya koya mini tun ana yankan hoto da almakashi. In mutum biyu ne, idanunsu ake daidaitawa. Gefen takarda ba ruwan kowa da shi."

"Ni gefe nake gani."

"Shi ya sa kake sa tabarau."

Ya sa mata maɓallin kashewar. Shi dai bai taɓa amfani da shi ba.

Gyara ya ƙare, zuwa bai ƙare ba. Auta ta lura ta fara ajiye ƙananan matsaloli tana tsimi, don kada ta faɗe su duka rana ɗaya. Ta kuma lura shi ma yana barin wasu ba tare da ya gama ba. Da yamma saƙo kan shigo:

"Sufeto, yau ba ki kama ni da laifi ba. Lafiya kuwa?"

Takan amsa: "Ina tara maka ne. Ka zo gobe da shirinka."

Baba mutum ne mai yawan damuwa. Yakan rufe shago ya yi nisa, ya dawo ya sake jijjiga kwaɗo. Yayyen Auta duk aure ya kai su nesa, sai a waya yake jin muryar jikokinsa. Ita kaɗai ta rage masa a gefe. Wata rana suna cin abinci ya ce, kamar da wasa, "Wai wannan yaron ina shagonsa?"

"A jakarsa yake, Baba."

"Kin ji ko?" Ya juya wajen Mama. "Mutumin da shagonsa ke rataye a kafaɗa, ranar da ya ga dama sai ya ɗauka ya yi gaba."

Mama ta ce, "Kai da ka zo nemana, me ke rataye a wuyanka? Ba kyamara ba? Mahaifina ma cewa ya yi an kawo masa ɗan yawo."

"Wannan daban."

"Daban ne kam, tunda yanzu kai ne uban."

Baba yana da wanda yake so a ransa. Amininsa mai sayar da firam ɗin hotuna, shagonsa na kallon nasu, yana da ɗa mai natsuwa da zai gaji wurin. In aka yi wannan, Auta tsallaka titi kawai za ta yi. Bai tilasta mata ba, sai dai yakan yabi yaron fiye da kima.

Ran nan da rana shago ba kowa. Auta ta buɗe sabon shafi mai zanen furanni, irin na amare. Hoton fasfon Injiniya yana nan a ajiye tun ranar farko. Ta jawo shi. Ta jawo nata. Ta gyara, ta ja baya tana kallo, tana waige-waige kamar wadda ta yi sata. Sai ga sallamar mai karɓar hoto. Ta rufe manhajar da sauri, hankalinta kwance, don a tsohuwar manhajar in ba ka adana ba komai gogewa yake.

Ta manta da abin da ita da bakinta ta roƙa a makon. Wuta ta sha ɗaukewa tana cinye mata aiki, shi ya sa Injiniya ya sa manhajar ta riƙa tuna shafin ƙarshe da kanta.

Da safe mai firam ya shigo da ɗansa, wai a shirya musu hotunan kayansu. Baba ya ja kujera da kansa. "Ku zo ku ga abin zamani, ni ma na iya."

Ya buɗe. Shafin ya cika fuskar kwamfutar: furanni, Auta, Injiniya.

Mai firam ya yi gyaran murya ya hau kallon silin. Ɗansa ya yi murmushin yaƙe ya ce, "Ashe har an buga kati. Allah ya sanya alheri."

Suna fita Injiniya na shigowa. Baba ya nuna masa shafin da yatsa.

"Waye ya yi wannan?"

Injiniya ya dubi shafin. Ya dubi Auta da ta maƙale jikin firinta.

"Ni ne, Baba. Gwaji nake yi, na rasa hotunan da zan sa. Ba ya nufin komai. A yi mini afuwa."

"Na buɗe maka shagona, ka mayar mini da 'ya abin gwaji? A gaban mutane?" Baba bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ciwo. "Mun gode da aikinka. Kada ka sake zuwa."

Ya tafi. Auta ta wuni tana yanka hotuna a karkace. Kunya na cin ta, amma abin da ya fi tsaya mata a rai kalmomi huɗu ne: ba ya nufin komai. Ya faɗe su ba ko gargada. Ta yi ta juya su, har ta fara yarda cewa da gaske yake, ita kaɗai ke ta haukanta. Ya turo saƙo, ta ƙi buɗewa. Sai da kwanaki suka shuɗe ta rubuta:

"Ka san ni na yi. Na gode da ka rufa mini asiri. Tunda ba ya nufin komai a wurinka, ka manta da shi."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar:

"Sufeto, wannan karon kin kama laifin da babu shi. Da na ga shafin nan, sai da na riƙe kujera don kada Baba ya ga farin cikina. Na daɗe ina neman yadda zan faɗa miki, kika riga ni. Ƙarya biyu na yi ranar nan, ta biyun ce ta fi mini nauyi. Ina son ki, kuma da aure."

Ta karanta, ta kifa wayar a ƙirji. Daga baya ta rubuta: "To ka yi ta haƙuri da ni, Injiniyana. Zan gaya wa Baba gaskiya. Ƙarfin hali nake tarawa."

Ba ta gama tarawa ba. Shafin yana nan, don Baba ya ce kada ta taɓa, shi zai goge da hannunsa. Bai san yadda ake yi ba, kuma girma ya hana shi tambaya. Wata safiya tana share gaban labule ta hango shi ya kama hoton Injiniya, ya ja shi can waje, ya ɗaga yatsa. Hoton ya sulalo ya dawo gefen nata. Ya sake. Ya dawo.

"Wannan yaro ko a hoto ba ya jin kora," ya yi gunaguni.

Dariya ta kusa kuɓuce mata. Sai ta ga ya daina. Ya sa tabaransa, ya matso da fuska. Ya ɗauko rula daga aljihun tebur ya kara a jikin gilashin kwamfutar, a gicciye. Ya daɗe a haka.

"Auta, zo."

Ta zo.

"Gefen nan bai daidaita da wancan ba. Naki ya ɗaga sama kaɗan." Ya buga rular a hankali. "Amma dubi idanu. Layi ɗaya. Na sha zama ina kallon yaron nan yana aiki, bai taɓa shirya hoto haka ba. Mutum biyu na sani da wannan hannun, kuma ni ban yi ba."

Ta durƙusa, hawaye suka zubo. "Ni ce, Baba. Ka yafe mini."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Ƙarya ya yi mini ke nan."

"Eh."

"Ya tsaya na ci masa mutunci, ya san ba shi ya yi ba."

"Eh, Baba."

Ya ajiye rular. Auta ta ga tsufan da ba ta taɓa lura da shi ba a gefen bakinsa.

"Ni ba ƙinsa nake ba," ya ce a ƙarshe. "Tsoro nake ji. Duk wadda na aurar, sai in koma ganinta a waya. Na ɗauka in na zaɓa miki na kusa, zan huta. Ban tambaye ki ba." Ya dubi shafin. "Ashe kin riga kin ba ni amsa, ni ne na tsaya faɗa. Kira mini shi."

Injiniya ya zo ya tsuguna nesa da kujera. Baba ya ce, "Ba na son ƙarya, ko ta alheri ce. In ka shiga gidana, kada ka sake."

"Ba zan sake ba, Baba."

"Kuma ina za ka kai ta?"

"Baba, aikina ba ya tambayar inda nake zaune. Ita kuwa nata a nan yake. Na ga wani gida a bayan layin nan, in kun amince."

Baba ya yi gyaran murya sau da yawa. "To. Ka turo manyanka. Kuma kafin ka tafi, ka nuna mini yadda ake goge shafi."

"A goge wannan?"

"Wa ya ce a goge wannan? Koyo zan yi."

Shi da kansa ya tsallaka titi ya bai wa amininsa haƙuri. Mai firam ya ce ba komai, har ya yi alkawarin firam mafi girma a shagonsa.

Ranar auren Baba ya ƙi bai wa kowa kyamara. Ya ɗauki ango da amarya, ya ɗauki dangi, ya ɗauki jikokin da suka cika gidan da gudu. Sai Mama ta ce, "Malam, albam nawa ne a gidan nan, babu fuskarka ko a ɗaya? Yau kam za ka shiga."

Ya miƙa wa babban surukinsa kyamarar yana ta jan kunne kan inda zai tsaya. Ya shiga tsakanin Auta da mijinta, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Auta ta kama ɗaya.

Ya karkata wajen angon, murya ƙasa-ƙasa. "In ta duƙufa aiki mantawa take da abinci. Ka riƙa tuna mata."

"Zan riƙa, Baba."

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa ku tsufa tare."

Gida ya ɗauka da amin. Auta ta matse hannunsa, shi kuma ya ɗaga kai ya kalli kyamara.