Taken Bilyaminu

Suhaibu ya fara ganin Zulaiha ne a kasuwar Birnin Gwari, ranar da ta kai wa mahaifinta, Haruna mahauci, abinci a rumfa. Shi DJ ne, kwamfuta ɗaya da sifika biyu. A cikin kwamfutar akwai kiɗan Hammadu mai kalangu, makaɗin mahautan garin, wanda Suhaibu ya naɗa shekara biyu da suka wuce. Wata biyar shi da Zulaiha suka yi suna zance.

A bikin yayarta Karima aka ba shi kiɗa. Da la'asar ya saki taken mahauta, ɗaya bayan ɗaya. Na uku yana shigowa fili ya yi tsit. Taken Bilyaminu ne, wan Zulaiha, wanda 'yan bindiga suka kashe bara a hanyar Kutemeshi. A wurin mahautan nan, in mutum ya mutu, ba a ƙara kaɗa takensa.

Haruna ya taso ya fizge wayar sifika.

"Kai wane irin mutumin banza ne? Ka tono mini ɗa a gaban baƙi!"

"Baba, na'ura ce..."

"Na'urar tana da ido? Da Hammadu muka yi wa Bilyaminu wanka da salla, ya san wanda ke raye. Kada in ƙara ganinka a ƙofata."

Suhaibu ya tura wa Zulaiha saƙo: "Hasken idona, wallahi ban sani ba."

Ta amsa: "Kada ka ƙara ce mini haske. Inna ta kasa fitowa daga ɗaki. Wata biyar kana zuwa, ka taɓa tambayar wa muka rasa?"

Suhaibu ya je gidan Hammadu. Tsohon bai ba shi tabarma ba.

"Ka sace hannuna ka bar idona," in ji shi. "Ɗauki kalangun can."

Wata takwas yana koyo. Hammadu ya koya masa kiɗa, ya koya masa wa ya mutu, wa ke gaba da wa.

Wata ranar kasuwa Suhaibu ya tsaya gaban rumfar Haruna ya kaɗa masa takensa. Haruna bai daina saran ƙashi ba.

"Hannunka na hagu kamar na mai daka. Na Bilyaminu fa?"

"Na goge shi, Baba. Hammadu ma ya ƙi koya mini."

Haruna ya ajiye wuƙa. "Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure Hammadu ya yi kiɗa, sifikun Suhaibu suka kai shi har bakin titi. Saƙon Zulaiha ya shigo: "Makaɗina, haushinka bai gama fita ba, amma na taho da shi gidanka."

Haruna ya dafa kan ango.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. In aka samu namiji, sunansa Bilyaminu. Kai za ka nemo masa sabon take."