Mai Jitar da Ya So a Gan Shi

A wani gari can da nisa, an yi wani saurayi mai zafin rai da ya je koyon kiɗan Turawa na rok da jitar lantarki wurin wani tsohon makaɗi. Tsohon ya ce, "Ɗora gefen tafinka kan tsirkiya, ka riƙa buga ta zuwa ƙasa, ƙasa, ƙasa, daidai da ganga."

Wata guda, ƙasa, ƙasa, ƙasa. Wata biyu, haka. Saurayi ya hasala.

"Baba, daka na zo koya ko kiɗa?"

"Buga," in ji tsoho.

Ranar da ya fita wasa tare da mai ganga da wata mawaƙiya, fili ya cika, ƙafafun masu rawa na bin hannunsa, amma kowa mawaƙiya yake kallo. Zuciya ta ɗebe shi, ya saki kiɗan, ya yi ta tsere da yatsu don a gan shi. Mai ganga ya rikice, mawaƙiya ta rasa inda za ta shiga, rawa ta tsaya cak. Idanu suka yi masa caa, kowa na harara.

Tsoho ya matso. "To, an gan ka."

Saurayi ya cije leɓe, ya mayar da tafinsa kan tsirkiya. Ƙasa, ƙasa, ƙasa.