Jan Ƙwan Malam Ishaku

Ranar da Rasha ta shigo rumfar gyara a kasuwar Gadarif rungume da tsohuwar amfilifaya, Faisal ya shagala da kallonta har ya ƙona yatsa. Ɗalibin injiniya ne, yaƙi ya koro shi daga Khartum shi kaɗai.

"Babana, Malam Ishaku, ya haɗa ta da hannunsa kafin ya rasu," in ji ta. "Da ita muke jin kaset ɗin karatunsa. Yanzu da wuta ta yi ƙasa, sai muryarsa ta kama rawa."

Gyaran kwana biyu ya koma na wata biyu, kuma ba laifin amfilifaya ba ne.

Faisal ya zargi sashen da ke tsare wuta kada ta ƙaru ko ta ragu. Malam ya haɗa shi da taransista ɗaya da ɗan jan ƙwai mai haske. Faisal ya haɗa mai taransista biyu da sababbin kaya, ya gwada su gefe da gefe, nasa ya tsaya cik. Sai ya cire na Malam, ya tura saƙo:

"Habibti, muryar Baba ta daina rawa. Gobe zan kawo, in gaida Nagoggo."

Nagoggo, mahaifiyar Rasha, ta ji muryar ta fito tas. Amma idonta na kan ramukan murfin, inda jan hasken ke leƙowa, wanda shekara shida take yi wa sallama kowace safiya.

"Ina hasken mijina?"

Faisal ya kira ta inna da Larabcin Sudan: "Khala, wannan tsarin ya fi..."

"Khalas, ya isa haka, ya waladi, ɗana. Wanda ke cirewa bai tambaya ba, ba na ba shi 'yata."

Mako uku Rasha tana karanta saƙonninsa tana kuka, ba ta amsa. Faisal kuwa, da ya baro gida ba ko hoton mahaifiyarsa, ya san abin da ya kashe, kuma abin ya ci masa rai. Ya zazzage gwangwanin tarkace har ya tsinto ƙwan, ya sake gwaji a natse.

"Ma'alesh, ki yi haƙuri, Rashata," ya rubuta. "Tsarin Baba ba shi da aibu, kondensa ɗaya ce ta bushe. Ni ne na so nuna iyawa. Na canja ta, na mayar da nasa."

"Kawo, habibi," ta amsa.

Nagoggo da kanta ta kunna. Jan hasken ya leƙo, muryar ba ta girgiza ba. Ta daɗe tana share ido da mayafi.

"Turo manyanka."

"Ba ni da kowa a nan, Khala."

"Wana da ke garin Doka zai tsaya maka."

Bayan girbin riɗi aka ɗaura aure. Da karatun Malam aka buɗe taro, Nagoggo na zaune dab da amfilifaya, hannunta a kan murfin.

"Salamu alaikum, Malam," ta ce a hankali. "Ga 'yarka, ga mijinta. Allah ya yi musu albarka."